Jagoran kallon tsuntsaye a Maga: ido gare shi, amma rahotonsa da gyara

Duk mai son ganin tsuntsaye a tafkin Maga, a arewacin Kamaru, akwai wani jagora ɗan ƙabilar Musgum da ke ɗaukar mutane a kwalekwale tun da asuba. Jaka goma na ba shi, har da aron madubin hangen nesa, kuma kuɗin bai tafi a banza ba. Ya san lungunan da dinya da kirinjijiya ke kwana, ya san inda dorina take, sai ya kauce mata tun daga nesa. Tun da aka gina madatsar da ta samar da tafkin a 1979 saboda gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, ruwan da ke malala fadamar kogin Logone ya ragu, shi ya sa sai wanda ya san wurin ke iya kai ka inda gauraka ke taruwa. Shi ya kai mu. Rigar ruwa ce dai babu, mai tsoron ruwa ya zo da tasa.

Inda muka saɓa shi ne rahoton da yake turawa ta WhatsApp bayan kowace fita. Tsuntsaye uku yake sa wa tauraro a sama, sauran a jere ƙasa. Ranar tamu ya zaɓi gauraka da wasu agwagi biyu masu zuwa daga Turai da rani. Gauraka na yarda, ana kama ta ana sayarwa, tana raguwa. Amma agwagin nan garke-garke suke sauka kowace shekara. Ungulu ɗaya tilo da muka gani kan bishiya kusa da kwata kuwa, can ƙasa ya jefa ta, tsakanin balbela da hankaka.

Na ce masa, Malam, yaushe rabonka da ganin ungulaye goma wuri guda? Ya yi dariya, wai baƙi ba sa biyan kuɗi don ungulu. To, ni a Marwa na tashi, lokacin da mahauta ke korarsu da sanda. Yau guba da masu sayen kawunansu don tsibbu sun kusa ƙarar da su, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulu cikin masu gab da ɓacewa a 2015. Wanda ke ɓacewa a ƙasarmu shi ya cancanci tauraro, ko da kansa sanƙo ne.

Abu ɗaya da ya burge ni: ba ya rubuta inda sheƙa take, saboda mafarauta ma suna karanta saƙon. Ku je wajen Janairu, ku kuma nemi ya turo cikakken jerin da adadin kowane tsuntsu.