Wurin lesin JAMB da munka kai ƙanena a Mabera

Masu tambayata wurin lesin nan, ga abin da na gani, kuma ba talla nike musu ba don ko sisi ba su ba ni ba.

Karatun dai irin na ko'ina ne, tsofaffin tambayoyin JAMB, Turanci da sauran darussa ukku. Malamin lissafinsu shi ne ya sa nike wanga rubutu. In ya ba su gwaji, kowace amsa sai yaro ya rubuta gefenta ko "na tabbata" ko "ina zato" ko "canka na yi", in anka gyara kuma ba ya damuwa da waɗanda sunka canka, cewa yake wanda ya canka ai ya san bai sani ba, matsalar tana wurin da ka ce ka tabbata kuma ka faɗi. Nan zai tsare yaro, kai mi ya kai ka ga B, mi ka tuna lokacin, faɗa min yadda ka bi.

Ƙanena tun aji ukku yake cewa shi kanshi bai ɗaukar lissafi, sai an yi faɗa kafin ya buɗe littafi. Da anka bi takardunshi ashe yawanci bai ƙarasa karanta tambaya yake tsalle kan amsa, sai kuma alamar ragewa da yake yarwa tsakiyar aiki. Wallahi tunda ya gane abin guda biyu ne ba wai kai ne babu ba, yanzu bayan isha'i shi da kanshi yake zama, har yana ce min Yaya jarraba ni ka gani. Kuma tunda tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kowace, dole yaro ya san wadda zai tsallake ya dawo.

Inda sunka gaza, kwamfutocin gwaji ba su kai yawan ɗalibai ba, sai an yi layi, in wuta ta ɗauke kuma kafin a tada janareta yara sun jiƙe sharkaf, kun dai san zafin Sakkwato watan Afrilu. Sannan tsarin malamin na cin lokaci, manhaja ba ta gudu, wanda ya zo saura wata guda jarrabawa yana son a zuba mishi ya haddace ba zai ji daɗin wurin ba. Kuɗinsu ma ya ɗan fi na maƙwabta. In za ku kai yaro ku kai shi da wuri, ku nemi ajin bayan la'asar, ya fi sauƙin cinkoso.