Kamfanin hulɗa da jama'a ko ofishin ma'aikata: ina za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama bautar ƙasa da digirin aikin jarida, sai ga hanya biyu: wani kamfanin hulɗa da jama'a a Legas ya kira ka, ga kuma gurbin jami'in yaɗa labarai a wata ma'aikatar jiharku. Kana tambaya wanne za ka kama.

A kamfani, masu hulɗa da ku suna da yawa. Yau banki, gobe kamfanin waya, jibi mai sayar da taliya, kowa da irin matsalarsa. Cikin shekara ɗaya za ka rubuta sanarwar manema labarai fiye da yadda na ma'aikata zai rubuta a shekara uku, kuma akwai wanda zai yi ta dawo maka da rubutun har sai ya gyaru. Za ka san editoci, ka iya tsara kasafin kamfe, ka ga yadda ake kashe wutar abin kunya a Facebook kafin gari ya waye. Amma kuɗin haya da cunkoson Legas za su cinye albashin farko, kuma ba ka da lokacin tashi daga aiki.

A ma'aikata, mai digiri yakan fara a matakin albashi na 8, da fansho, ga gida kusa. Oganka ɗaya, fanninka ɗaya. Matsalar ita ce sanarwa mai layi goma sai ta bi teburin darakta, ta bi na babban sakatare, ta jira kwamishina ya dawo daga Abuja, kafin nan labarin ya riga ya huce. Wasu ofisoshin kuma aikin ya koma ɗaukar hoton oga da raba wa 'yan jarida kuɗin mota. In ka faɗa irin wannan, shekara biyar za ta wuce ba ka ƙaru da komai ba.

Sai dai kada a raina ma'aikata, musamman ta lafiya. Ka tuna 2003, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jita, ba a ci gaba ba sai 2004. Ba tallan jarida ne ya dawo da yardar mutane ba. Zama aka yi ta yi da sarakuna da malamai da masu unguwanni, ana bayani a rediyo da Hausa. Wannan ba darasi ba ne da za a koya maka a Ikeja.

Ni dai da ni ne, zan tafi Legas na yi shekara biyu ko uku na dawo. Hausarka jari ce a can, domin sau da yawa da Turanci ake tsara saƙon Arewa sannan a miƙa wa mai fassara, shi ya sa wani tallan kake ji a rediyo kamar ba da kai ake ba. In kuwa akwai iyaye ko iyali a wuyanka, karɓi na jiha ba tare da jin kunya ba.

Ko wanne ka ɗauka, yi rajista da NIPR, cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta Nijeriya da aka kafa a 1963, wadda doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon tantance masu wannan sana'a. Kuma kafin ka sa hannu, tambaye su wanda zai riƙa duba rubutunka, ka nemi ganin aikinsa.