A Ingila sai an auna bandakin gidanka kafin a sauya maka ƙashin ƙugu

Makonni kafin ranar tiyata, asibiti a nan Ingila kan ba mara lafiya wata takarda ya je gida ya cike. Ba tarihin ciwo ake tambaya a cikinta ba. Cewa ake ya ɗauki tef irin na tela ya auna tsayin gadonsa daga ƙasa, da kujerar da ya fi zama a kai, da mazaunin masai, sannan ya auna ƙafarsa daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Dattijon Bahaushe idan yarinya sa'ar jikarsa ta zaunar da shi tana tambayar yadda yake zama a bandaki da yadda yake sa wando, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma wannan takardar ita ce rabin warkewa, kuma ita ce abin da ba mu da shi a can gida ƙasar Hausa.

Ga dalili. A aikin ana yanke kan ƙashin cinya, a soka ƙarfe mai ƙwallo a madadinsa, a dasa ƙoƙo a ƙugu inda ƙwallon zai riƙa juyawa. Wannan salon wani likita ne, John Charnley, ya daidaita shi a asibitin Wrightington a 1962. Kafin naman da aka ratsa ya haɗe, wato mako 6 zuwa 12, ƙwallon na iya gocewa daga ƙoƙon. Abu uku ke jawo haka: gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu lokacin zama ko sunkuyo, ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da murɗa jiki alhali ƙafa tana kafe a ƙasa. Wasu asibitocin sun sassauta waɗannan dokokin, musamman idan ta gaba aka yi yankan, don haka maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba.

Idan awo ya nuna masai ya yi ƙasa, sai a ba da aron abin ɗorawa mai ƙara tsayin santimita 5 ko 10 ko 15, kyauta. Kujera a sa mata ƙarin ƙafa. Akwai sanda mai baki ta ɗaukar abu daga ƙasa, da dogon cokalin sa takalmi, da wata roba ta zura safa ba tare da an sunkuya ba.

To mu duba gidajenmu. Rayuwarmu gaba ɗaya a ƙasa take: tabarma, katifa a daɓe, kujera 'yar tsugunno, masai na tsuguno, alwala a durƙushe, tuƙin tuwo a gaban murhu. Duk cikinsu babu wanda bai karya doka ta farko ba. Sai a sayar da gona a je asibitin ƙashi na Dala a Kano ko Indiya ko Masar, aiki ya yi kyau, a dawo da mutum a shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Ranar da ƙugun ya goce a ce likita ne bai iya ba. Kuma kada a ɗauka matsalar tsofaffi ce kawai. A nan yawanci zaizayewar gaɓa ce ta tsufa, a wajenmu kuwa akwai matasa masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa saboda jini ba ya isa wurin.

Abu na biyu da ke ba baƙo mamaki, ba a barin mutum ya kwanta. Sau da yawa allurar kashe rabin jiki ake yi, kuma da zarar ƙafa ta dawo, a ranar ko washegari, masu gashin ƙashi za su tsayar da shi a kan ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, daga nan sai sanduna biyu. Kwana 1 zuwa 3 an sallame shi, bayan ya nuna zai iya hawa matakala. Wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke fara takawa, wajen sauka sanduna da ƙafar da aka yi wa aiki ke yin gaba. Idan an koma sanda ɗaya, a hannun ɓangaren da ke da lafiya ake riƙe ta, ba ɓangaren ciwo ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Mu kuwa tausayinmu shi ne "Baba, kwanta ka huta", a miƙo ruwa, a miƙo fo. Wannan kwanciyar ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, naman cinya ya saki. Shi ya sa a nan ake ba da maganin tsinka jini na wata guda ko fiye, allura ko ƙwaya. Sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe, a nufi asibiti nan take. Haka idan ciwon ya yi ja yana fitar da ruwa ga zazzaɓi. Ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa man zafi, mai ɗori kuma ba shi da aiki a nan.

Ana cire ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14. Barci a rigingine, da matashi tsakanin ƙafafu. Tuƙin mota sai wajen mako 6, idan mutum zai iya taka birki da ƙarfi. Mai aikin zama ya koma bayan mako 6, mai aikin ƙarfi sai wajen wata 3. Acaba da Keke Napep a hanya mai ramuka a haƙura da su tukuna. Sallah a kan kujera mai dogayen ƙafafu, ruku'u da sujada da ishara, har sai likita ya ce a durƙusa.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. A rubuce, NHS, hukumar kula da lafiya ta gwamnati a nan, ta ce kada jiran aiki ya wuce mako 18, amma akwai masu haura shekara suna ɗingishi suna haɗiyar maganin ciwo. Bayan sallama kuma sau da yawa takardar atisaye kawai za a miƙa maka da lambar waya. Sai ka ga tsohuwa 'yar shekara tamanin ta koma gida ita kaɗai, ga kayan aiki birjik amma babu mai ce mata sannu. Ina ma ta ga dubiya irin tamu, maƙwabta na shigowa da kunu da farfesun kaza, ɗaki cike har sai an kori mutane!

Hannun taimako dai muna da shi, awon ne babu, kuma ba tsada gare shi ba. Kafinta zai iya huda kujerar katako mai hannuwa a ɗora ta kan masai, tsayinta ya ɗara gwiwar mai zama kaɗan. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon bandaki. A ɗora katifa kan gado, a kwashe tabarmi da wayoyin wuta daga hanya, a sa kujera mai dogayen ƙafafu a wurin wanka da alwala. Duk a gama kafin ranar aiki. Wanda kuma ya fita ƙasar waje don a yi masa aikin, kada ya yanki tikitin dawowa sai ya tambayi likita, don yawancinsu a nan ba sa son doguwar tafiya a jirgi kafin wata 3, saboda daskarewar jini.