Na Kashe Dala 1,529 a Kayan Keke, Katin Mamba Ya Mayar Mini da 37.90

Dala 37.90. Abin da ya shigo asusuna ke nan a watan Maris daga babban shagon nan na kayan zango da hawan dutse da keke. Ba sai na kama suna ba, duk mai hawa keke a Amurka ya san shi, ya kuma san alƙawarinsu: ka biya kuɗin mamba sau ɗaya, su riƙa mayar maka da kashi 10 cikin 100 na cinikinka duk shekara. Rasit ɗina na bara, ban da haraji, sun kama dala 1,529. Ko ɗan firamare ka ba wa wannan lissafin zai ce maka 150 da 'yan kai. Da na ga 37.90 sai da na rufe manhajar na sake buɗewa, a zatona ba ta gama lodi ba ne.

Ta gama. Kuma babu kuskure ko na sisin kwabo, wanda shi ne ya fi ba ni haushi, don in an cuce ka ka san wanda za ka je wa. Wannan kuwa komai a rubuce yake, cikin ƙananan haruffan da babu mai karantawa a gaban kanta alhali mutum biyar na jira a bayansa.

Babban ramin shi ne keken kansa. Kuɗinsa 1,100, na ɗauke shi 880 a garabasar ƙarshen watan Mayu. Duk abin da aka yi wa ragi ba ya shiga lissafin lada, ko da ragin na dala ɗaya ne. Ke nan fiye da rabin kuɗin da na kashe ya fita daga layi tun ranar farko. Tayoyi biyu na saya, kowacce 55. Ɗaya na yi amfani da takardar rangwamen mamba ta kashi 20, wadda abu ɗaya tak take ɗauka, ta dawo 44, ita ma ta fita. Kuɗin aikin bakanike 96, ba a lissafa shi. Takalman keke na 130 da na mayar, an cire. Abin da ya rage shi ne hular kwano 90, fitilun gaba da baya 85, kwaɗo 75, ɗayar tayar 55, sarƙa 35, tiyub uku 27, man sarƙa 12. A haɗa, 379. Kashi goma, 37.90. Kwamfutarsu ta fi ni gaskiya.

Abin da suke kira ladan mamba, a kasuwa gyara muke ce masa, kuma kowa ya san in ka matsa wa mai tumatir ta rage maka kuɗi ba ka tsayawa jiran gyara. Sai dai ita gyaranta a hannu take zuba maka nan take. Nasu sai Maris na shekara mai zuwa, kuma a shagonsu za ka kashe shi. Ko kashi goman ma ba cikakke ba ne. Ka biya 100 ka samu kaya na 110, ragin gaskiya kashi 9 ne da ɗan ɗigo. Saboda haka duk ranar da aka ajiye maka ragin kashi 20 yanzu da ladan kashi 10 baɗi, babu abin tunani, ɗauki ragin. A kan keken nan ragi ya bar mini 220 a aljihu, lada da 110 zai ba ni, shi ma bayan wata goma. Ban yi asara ba ke nan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda mai sayarwar ya riƙa maimaita kashi goma, kashi goma, yana cika mini takardar mamba, bai ce uffan ba a kan cewa keken da ke tsakaninmu ba ya ciki.

Takardar kashi 20 ɗin nan ma akwai dabara a cikinta. Ba ta hawa kan keke, yawanci ba ta hawa kan na'urar auna tafiya mai GPS. Tunda abu ɗaya take ɗauka, a kan mafi tsada ya kamata a ɗora ta. Ni na ɓata tawa a kan tayar 55, na tsira da dala 11. Da a kan hular 90 na ɗora, 18 ce. Da na haƙura na ajiye ta don abin ɗaura keke a bayan mota, irin na dala 400 zuwa sama, maganar 80 ake yi.

Hular ma, a nan ne mutane ke zubar da kuɗi don neman lada. Tun 1999 duk hular keke da ake sayarwa a Amurka dole ta cika ma'aunin CPSC, hukumar gwamnati mai kula da amincin kayan da ake sayar wa jama'a, za ka ga takardar a manne a cikinta. Ta dala 50 da ta 250 duk sun haye wannan gwajin. Tsadar tana sayo maka rashin nauyi, ƙofofin iska, da shimfiɗar nan ta ciki irin ta Mips da aka yi don rage murɗawar kai in an faɗi a karkace. Ƙara dala 100 don a mayar maka da 10 ba ciniki ba ne.

To, zan yi musu adalci, don da na huce na sake bin rasit ɗin sai na ga amfanin katin ba a ladan yake ba sam.

Takalman nan na 130, wata huɗu na yi ina sa su. Irin masu ƙarfe a ƙasa ne da ke maƙalewa a feda, tsarin SPD mai noti biyu. A shago lamba 44 ta zauna daidai. A kan hanya, bayan minti 40, ƙananan yatsu biyu na ƙafar dama sai su mutu murus. Na gwada duk abin da ake gwadawa: na kwance notin da makulli mai lamba 4, na ja ƙarfen baya da kimanin milimita 5 don nauyi ya bar kan yatsu, na sassauta igiyar gaba, na canza shimfiɗar ciki. Bai hana ba, don matsalar faɗin gaban takalmin ce. Ƙafa tana kumbura in ta yi zafi, ga safar sanyi mai kauri. Shi ya sa takalmin keke da yamma ake gwada shi, da safar da za a riƙa sawa, ba da safe da siririyar safa ba. Na kai su ƙasansu duk ya karce, da shatin ƙarfe a jiki. Matar da ke kanta ta juya su sau ɗaya, ta tambayi lambar wayata, ta mayar mini da 130 cif a katin banki. Mamba yana da shekara guda na mayar da kaya, wanda ba mamba ba wata uku. Da ba don katin ba da yanzu suna ƙarƙashin gado. Wannan kaɗai ya ninka kuɗin shiga mamba sau huɗu.

Sai ɓangaren gyara. Aikin da aka rubuta 120 na biya 96. Faci sau biyu ban biya kuɗin hannu ba, tiyub kawai na saya. Sabon keke kuma suna duba shi kyauta bayan an ɗan hau, kuma wannan dubawar ba ado ba ce. A mil 100 zuwa 200 na farko wayar giya tana zama a cikin rigarta ta yi sako-sako, sai ka ji sarƙa tana ƙas-ƙas tana jinkirin hawa babban haƙori. Gyaransa juyi ne, rubu'i-rubu'i, na ɗan maɗaurin da ke bakin wayar, ana juya shi hagu har ƙarar ta ɗauke. Sun yi wannan, sun ɗaure wayoyin ƙafar baya da suka saki, sun daidaita burki. Bakaniken ya sa ma'auni a notin kan keke ya ɗaure su a 5 Nm, wato awon ƙarfin ɗauri, kamar yadda aka rubuta a jiki, bai murɗa da ƙarfin tuwo ba. Na yaba da wannan.

Sarƙar 35 ma ban yi da-na-sani ba, ko da yake a intanet za ka gan ta da ragin da ya fi kashi goma nesa ba kusa ba. Jabun sarƙar Shimano, babban kamfanin kayan keke, ta cika manyan kasuwannin intanet, kwalinta kamar na gaske, sai ta miƙe cikin 'yan makonni ta cinye maka haƙora. A garin da ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, sarƙa ba ta daɗewa ko ta gaske ce. Keke mai giya 10 a baya ko ƙasa da haka, ana canza sarƙa in ma'auni ya nuna ta miƙe da kashi 0.75 cikin 100. Mai 11 ko 12, tun a 0.5. Wanda ba shi da ma'auni ya sa rula: gaɓa 12 cikakku (ta ciki da ta waje a haɗe su ne gaɓa ɗaya) na sabuwar sarƙa inci 12 ne daidai, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta kai 0.5. In ta wuce da ɗaya cikin 8, ka makara, jerin haƙoran baya ma sun tafi, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kan ƙananan haƙora masu 11 da 13 duk lokacin da ka taka da ƙarfi. Irin waɗannan ƙananan kaya, sarƙa, tiyub, mai, takalmin burki, da wuya ka same su cikin garabasa a daidai ranar da kake bukatarsu, don haka su ne ainihin abin da ladan ke yi wa amfani.

Har na fara cewa katin ya ci tauraro huɗu, sai na ci karo da rasit ɗin watan Afrilun nan, raina ya sake ɓaci.

Keken ya faɗi ta ɓangaren dama, ɗan ƙarfen da ke riƙe da mai canza giyar baya ya lanƙwashe. Da gangan ake yin sa da alminiyam mai taushi, don shi ya lanƙwashe ko ya karye maimakon jikin keken. Alamarsa ba ta ɓuya: giya ta daidaita a ƙananan haƙora ta ƙi a manya, in ka tsaya a bayan keken ka ga ƙananan wilin nan biyu sun karkata ciki wajen wayoyin ƙafa. Haɗarin shi ne ka sa sarƙa a kan babban haƙorin baya a kan tudu, mai canza giyar ya faɗa cikin wayoyi, ka yi asarar shi da sarƙa da wayoyi a taki ɗaya. In lanƙwasar kaɗan ce ana miƙe shi da ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin notin, a auna tazara da bakin rim sama da ƙasa da gaba da baya, bambancin kada ya wuce milimita 4. Nawa ya riga ya tsage a gindi, sai sabo.

Ƙarfen nan kowane keke da irin nasa, akwai ɗaruruwan siffofi, ba a sa na wani a wani. Kekena kuwa samfurin shagon ne, sunansu ne a jiki. Amma babu shi a shagon. Abin da bai kai tsawon yatsa ba, na dala 25, sai an yi oda. Oda ta ɗauki kwana 8. Da ya iso aka ce layin gyara ya cika, don Afrilu ne, kowa ya fito da kekensa daga gareji, sai bayan kwana 11. Na tambaya ko mamba yana da wata alfarma a layi. Babu. Aikin kuwa noti ɗaya ne na mai canza giya da makulli mai lamba 5, da ƙananan noti biyu na ƙarfen, sai daidaita iyakar giya sama da ƙasa. Minti 20. Na karɓi ƙarfena na ɗaura a gida, kuma wani ƙaramin shagon keke na unguwa ya duba mini miƙewarsa a ranar, ina tsaye. Duk mai sayen keke a wurinsu, ya sa su yi masa odar wannan ƙarfen guda ɗaya tun ranar ciniki, ya jefa a jakar sirdi tare da tiyub. Babban gyara kuma a kai shi a Janairu ko Fabrairu, lokacin da bakanike ke zaune yana shan kofi.

Sannan ba wanda ya gaya mini cewa kayan lantarki ba sa cikin shekara gudan nan ta mayarwa. Fitilar gaba ta fara mutuwa bayan awa ɗaya maimakon ukun da aka rubuta a kwali, a wata na biyar. Batirin lithiyam yana rage ƙarfi a sanyi, na sani, amma wannan ko a ɗaki haka take yi. Aka ce in nemi kamfanin da ya ƙera ta. Dala 8.50 na ladan da fitilun suka kawo mini bai kai kuɗin aika ta a gidan waya ba.

Tauraro uku na ba su. Kuɗin shigar ya fita tun a takalma, kuma zan ci gaba da sayen abin da sai an sa a jiki ake sanin halinsa a wurinsu: takalmi, sirdi, wandon keke, safar hannu. Keke da duk wani abu mai tsada sai garabasa, in manta da lada. Gyaran gaggawa kuma shagon unguwa.

Dala 37.90 ɗin na sayi takalman burki na ƙarfe na ƙafar baya, don na roba ba sa jure ruwan gishiri da yashi, da kwalbar man sarƙa na damina. Na cika dala 2 da 'yan kai daga aljihuna. Da na duba rasit a bakin ƙofa, abin da aka biya da lada shi ma ba ya kawo lada, don haka a cinikin nan kaf santi 20 da ɗoriya ne za su jira ni a Maris na baɗi.