Hedifon mai bas da ba zai cinye maka aljihu ba: wanne za ka ɗauka?

Yawancinmu in za mu sayi hedifon kwali muke fara kallo, da an rubuta bas da manyan baƙaƙe shikenan sai biya. Ni ma na daɗe a haka kafin in gane bas ɗin kala biyu ne. Akwai mai zurfi, can ƙasa tsakanin 20 zuwa 60 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti ke nan, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), wanda kake jinsa kamar rugugin hadari daga nesa, sannan akwai na samansa wajen 60 zuwa 250, shi ne dum dum ɗin ganga. Masu araha da yawa na biyun suke cikawa, ya yi ta kumbura har ya danne muryar mawaƙi ka ji kamar a cikin tulu yake waƙa, minti goma kanka ya fara sarawa.

Toh abin da ke kawo mai zurfin shi ne toshewa, wato iska kar ta samu hanyar fita tsakanin kunnenka da sifikar. Gwada da kanka, ka sa waƙa ka danna hedifon ɗin da tafin hannu a kan kunne, in bas ya ƙaru sosai to yoyo yake yi. Hannun tabarau kaɗai yana ɗaga soson hedifon ɗin ya rage maka bas, hula ma haka.

Shi ya sa in kuɗinka kaɗan ne nake cewa ka fara da iyafis mai roba, wanda ke shiga cikin kunne. Sifikarsa ƙarama ce amma da yake ya toshe ramin kunne gam, bas ɗinsa na iya sauka ƙasa fiye da na babban hedifon mai araha. Yawanci robobi uku ke zuwa a kwalin, ƙarama, matsakaiciya, babba, don Allah ka zauna ka gwada dukkansu, akwai wani iyafis da na ajiye kusan wata biyu ina cewa ba shi da kiɗa ashe robar ce ta min kaɗan, ina canzawa sai ga bas kamar an buɗe ƙofa. Matsalarsa dai wasu kunnensu ba ya jure roba na tsawon lokaci.

Sai wanda ke zama a kan kunne, mai naɗewa ya shiga jaka. Anan JBL Tune 510BT ya yi suna, Bluetooth ne, batirinsa na kaiwa awa 40, bugunsa na da ƙarfi, sai dai irin wannan ƙirar matse kunne take in an jima. Koss Porta Pro kuma tun 1984 ake yinsa har yau, mara nauyi, sautinsa akwai ɗumi da daɗi wallahi ina sonsa, amma bayansa a buɗe yake, na kusa da kai zai ji abin da kake ji, hayaniyar titi ma za ta shigo, kuma bas ɗinsa na bugu ne ba na rugugi ba. A ɗaki ya fi dacewa.

Wanda ya rufe kunne gaba ɗaya shi ya fi ba da cika. Soundcore Life Q20 na Anker sifikarsa milimita 40 ce, yana kashe hayaniyar waje, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne domin ƙugin injin mota ko jirgi a layin bas yake, shi yake fara cinye maka kiɗa. Amma fa girma, da zufa lokacin zafi. Skullcandy Crusher kuwa jijjiga kai yake da gaske, akwai maɓallin da kake ja ka ƙara ko ka rage, sai dai ya fi sauran tsada.

Igiya ko Bluetooth? A kuɗi ɗaya mai igiya ya kan fi sauti, tunda ba a kashe komai a batir ba, kuma ba ruwanka da caji ko jinkirin sauti in kana gem. Ka dai duba ko wayarka na da ramin 3.5, wato inda ake cusa igiyar hedifon, tun da iPhone 7 ta cire shi a 2016 wayoyi da yawa suka bi sahu. Ka nemi mai ohm 16 zuwa 32 (lambar da ke nuna wahalar tuƙa hedifon ɗin ce), waya na tuƙa shi ba wahala. Rubutun 20Hz zuwa 20kHz na jikin kwali kar ya ruɗe ka, kusan kowa na rubutawa, bai gaya maka ƙarfin bas ɗin a can ƙasa ba.

In za ka gwada kafin ka biya, sa waƙar da ka haddace, a matsakaicin sauti, ba a ƙure ba. In sai ka ƙure bolum kake jin bas, ko sifikar ta fara kerkerr in ganga ta sauka, ajiye shi ka ɗauki wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana sauraro a kan desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kuma hedifon da ya toshe da kyau ba ya sa ka ƙure tun farko.