Akirilik ne ko foli-biskos? Yadda ake gane yadin kilt mai araha

Ɗan'uwa, ka ce an gayyace ka biki a Edinbura, ka ga kilt, wato siket ɗin nan mai ninki na mazan Sikotland, da araha a shagunan titin Royal Mile, amma ka kasa gane da wane yadi aka ɗinka shi. To, in dai ka ji farashin ya faɗi ƙasa warwas, cire ulu daga lissafi. Na asali yakan ci yadi 8 na ulu mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi, ba ya zuwa a banza. Masu arahar kusan duk ɗayan biyu ne: akirilik, wato zaren roba, ko foli-biskos, wato haɗin foliyesta da biskos (zaren da ake sarrafawa daga itace).

Fara da hannu. Akirilik laushi gare shi kamar bargo, da ɗan gashi-gashi a fuskarsa, shi ya sa yake ruɗar mutane su ɗauka ulu ne. Har wasu 'yan kasuwa kan rubuta "ulun akirilik" a jikin takardar, alhali ko silin gashin tunkiya babu a ciki. Yawancin irinsa daga Siyalkot ta Pakistan ake ɗinko su. Foli-biskos kuwa sumul yake, da ɗan sanyi a tafin hannu, saƙarsa a matse. Galibi kashi 65 foliyesta ne, 35 biskos.

Sai ka juya bayansa ka dubi ninkin. Na foli-biskos karinsa a tsaye yake, ko an wanke shi a inji. Na akirilik kana zama a mota sau biyu ya saki, kuma inda jakar da ake ratayawa a gaban kilt ke gogarsa nan da nan zai tara 'yan ƙulalai.

In har yanzu kana kokwanto, ashana ce alƙali. Zaro zare biyu ko uku daga gezar gefe, ka riƙe da hantsaki a kan faranti, ba a jikinka ba, kuma bayan ka biya kuɗi, kada mai shago ya kira maka 'yan sanda. Ulu ƙauri yake yi kamar ana babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ka murtsuke shi ya zama gari. Akirilik kama wuta yake fat, yana narkewa yana ɗiga, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Foli-biskos yana haɗa biyu: warin takardar da ta ƙone daga biskos, da baƙin hayaƙi da narkewa irin na leda daga foliyesta.

Ni dai da ni ne, zan ƙara kuɗi kaɗan in ɗauki foli-biskos. Ba ya riƙe zafi kamar akirilik, kuma ka tuna akirilik kama wuta yake fat, ga shi wurin biki ba a rasa kyandir a kan tebur.