Sharhina kan yawon bas zuwa Newgrange, Knowth da Tudun Tara a ƙasar Ayalan

Masu tambayata ko yawon wuni ɗaya da ake ɗaukar mutane daga Dublin zuwa kwarin kogin Boyne ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya cancanta, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne kafin ku biya ko sisi ku tabbatar tikitin ya haɗa da shiga CIKIN ɗakin kabarin Newgrange, ba tsayawa a waje kawai ba. Kamfanonin yawon suna da yawa, kowa zai rubuta Newgrange da manyan baƙi a tallarsa, amma wasu waje kawai za su zagaya da kai ka ɗau hoto ka dawo, kuma wallahi wanda bai shiga ciki ba rabin abin ma bai gani ba. Kamfanin da na bi ba zan kama sunansa ba, sun cika wannan alƙawarin, inda suka gaza daban ne zan zo wajen.

Tafiyar ba nisa, kamar awa ɗaya ce daga Dublin zuwa yankin Meath. Bas ɗin mai tsafta ce da ɗumi a ciki, direban ma ba ya gudu. Abin da ya kamata ku sani shi ne ba a zuwa Newgrange kai tsaye, ko da motarka ce sai ka fara zuwa cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne kusa da ƙauyen Donore, wadda hukumar gwamnati ta OPW ke kula da ita, daga nan ka tsallaka kogin ta wata gadar ƙafa, sai 'yar ƙaramar bas tasu ta kwashe ku zuwa wurin a lokacin da aka rubuta muku. In ka makara ta tafi, shi ke nan. Cibiyar kanta ta yi kyau, akwai nunin yadda mutanen da suka gina waɗannan kaburbura suka rayu, manoma ne masu shanu da alkama da sha'ir, ba su san ƙarfe ba, ba su da rubutu, kayan aikinsu dutse ne da itace da ƙashi. Ku ba wannan nunin lokaci kafin ku hau bas, yana sa abin da za ku gani ya fi shiga rai.

Knowth aka fara kai mu, kuma ni dai na yi mamakin yadda mutane ba sa maganarsa kamar Newgrange. Babban tudu ne guda ɗaya da ƙananan tuddai sama da goma sha biyar sun kewaye shi, kowanne kabari ne, kuma gindin babban an zagaye shi da manyan duwatsu 127, akasarinsu da zane a jiki, wani da'ira mai naɗewa, wani layi mai lanƙwasa, wani kamar jinjirin wata an jera shi an jera. Jagorar wurin, wata baiwar Allah mai haƙuri da tambaya, tace kaso mai tsoka na duk irin wannan zanen dutse na yammacin Turai a nan Knowth yake. Farfesa George Eogan ne ya fara tonon wurin a 1962, ya gano lungun shiga cikin kabarin na yamma a 1967, ya gano na gabas a 1968, lunguna biyu da suka nufi juna a cikin tudu ɗaya amma ba su haɗu ba. Baƙi ba sa bin waɗannan lungunan, sai dai ana hawa saman tudun ta matakala, daga can kana hango Newgrange da duk kwarin, kore shar. Iska ce kawai a saman nan ba ta wasa, ku ɗaure ɗankwali ko hula da kyau.

To sai Newgrange. An gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya haura shekara 5000, ya girmi dalar Giza ta Masar, ya girmi da'irar duwatsun Stonehenge ta Ingila. Faɗin tudun ya kai mita 80 da wani abu, tsayinsa kamar mita 12, duwatsu 97 ne suka riƙe gindinsa, sannan a waje akwai wasu dogayen duwatsu 12 a tsaye, ragowar wata da'ira da aka kafa daga baya. Dutsen bakin ƙofa shi ne wanda kuke gani a hotuna, kwance yake an cika shi da zane mai naɗe-naɗe, kuma ka tuna da dutse aka sassaƙa dutsen, ba kurfi ba guduma ta ƙarfe. Kayan ginin ma ba duka na wurin ba ne, fararen duwatsun masu ƙyalli daga tsaunukan Wicklow aka kawo su can kudu da Dublin, manyan kuma daga bakin teku wajen Clogherhead.

Farin bangon da ke gaban tudun nan ne na ɗan tsaya. Sabon gini ne, an tayar da shi bayan tonon da Farfesa Michael O'Kelly ya jagoranta daga 1962 zuwa 1975, shi ya ga fararen duwatsun zube a ƙasa ya fahimci cewa bango ne ya rushe, sai aka mayar da su tsaye da kankare a bayansu. Wasu masana har yau ba su yarda ba, suna cewa shimfiɗa su aka yi a ƙasa kamar dandamali, kuma a Knowth haka aka bar su a ƙasa. Ni a idona bangon ya yi sabunta da yawa, ya yi santsi, na fi son yadda aka bar na Knowth. Amma na yaba wa jagoran da ya faɗa mana wannan saɓanin da bakinsa bai ɓoye ba.

Shiga ciki rukuni-rukuni ake yi, mutane kaɗan a lokaci guda, ba a shiga da babbar jaka, ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, kuma na ji daɗin wannan dokar don da kowa waya zai ɗaga. Lungun mita 19 ne, matsattse, akwai inda sai ka sunkuya akwai inda sai ka karkace ka bi ta gefe, duwatsu a tsaye dama da hagu suna gogar kafaɗarka, kuma a hankali kana hawa ne ba ka sani ba. Mai tsoron matsi ya nemi zama na ƙarshe a layi don ya samu fita da sauƙi, su ma suna ba da wannan shawarar. Kana ƙarasawa sai wuri ya buɗe, ɗaki mai lungu uku, ɗaya a gaba ɗaya dama ɗaya hagu, a ciki akwai manyan duwatsu da aka fafe kamar kwano, nan aka samu ƙasusuwan mutane, wasu ƙonannu wasu ba a ƙona ba. Ka ɗaga kai sama ka ga rufin, kusan mita 6, dutse kan dutse kowanne ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa har suka kusa haɗewa aka ɗora faffaɗa guda ɗaya aka rufe, ba siminti ba komai, kuma wannan rufin na asali ne ba gyara ba, a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa amma ɗakin a bushe yake, saboda sun sassaƙa 'yan hanyoyin ruwa a saman duwatsun yana gangarewa waje. Wannan kaɗai ya ishe ni kuɗina.

Sai jagoran yace kowa ya tsaya inda yake, ya kashe fitila. Duhu ne wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Daga nan suka kunna wani haske da ke kwaikwayon abin da ke faruwa duk shekara wajen 21 ga Disamba, ranar da dare ya fi tsawo, lokacin da rana in ta fito haskenta ke bi ta wata 'yar taga da aka gina musamman a saman ƙofa, ya ratsa lungun nan gaba ɗaya ya faɗo ƙasan ɗakin, ya yi kamar minti 17 ya janye. Dalilin hawan da na ce ana yi a lungun kenan, don ƙasan ɗakin ya zo daidai da tagar. O'Kelly ne ya shaida wannan da idonsa a 1967. Subhanallah, mutanen da ba su da agogo ba su da takarda, sun zauna sun lura da rana shekara da shekaru har suka san inda take fitowa a wannan ranar, suka jera dutse a kai bai kuskure ba. Duk mai cewa mutanen da jahilai ne ya zo nan ya tsaya. Ganin na gaskiya a Disamba sai ta ƙuri'a, dubban mutane ke nema 'yan kaɗan ake zaɓa, kuma ko an zaɓe ka in gari ya yi hadari ba abin da za ka gani.

Abu ɗaya da ya ɓata min rai a ciki shi ne sunayen da baƙi na zamanin da suka sassaƙa a jikin duwatsun, wasu da shekarun 1800 da wani abu a rubuce. Tun 1699 aka buɗe ƙofar, lokacin da ma'aikatan mai gonar ke neman dutse, kuma shekaru masu yawa kowa shiga yake yadda ya ga dama. Yanzu dai wurin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1993, ko taɓa zanen ba a yarda ka yi ba.

Wata 'yar uwa ta tambaye ni ko shiga irin wannan wurin ba shiga harkar tsafi ba ne. Ni abin da na gani kabari ne na mutanen da suka shuɗe, ba wanda ya ce in yi wani abu, ba wanda ya ce in faɗi wani abu, tarihi aka ba mu muka fito. Kowa dai ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Yanzu inda kamfanin ya gaza, Tudun Tara. Sun ɓata lokaci mai yawa a wajen cin abinci da shagon tsaraba, muka iso Tara a gurguje, mai rakiyarmu ya tsaya bakin ƙofa ya yi bayani na 'yan mintoci iska na kwashe rabin maganar, yace mu zagaya mu dawo bas. Haba. Tara fa ba wurin da ido kaɗai zai gane ba ne, in ba a nuna maka ba fili ne kawai na ciyawa da tudu-tudu da kwari-kwari, na ga mutane da yawa sun ɗan taka sun juya suna cewa ba komai. Alhali nan ne ake danganta wa manyan sarakunan Ayalan na da. Akwai wata babbar da'ira da ake kira Ráith na Ríg, zagayenta kusan kilomita ɗaya, ta zamanin ƙarfe, a ido kamar ganuwar tsaro a kan tudu, amma wanda ya san ganuwar Kano ya san ramin a waje yake don ya tare maƙiyi, to nan ramin a ciki yake tudun ƙasar a waje, shi ya sa masana ke ganin wurin taro ne da naɗin sarauta ba na yaƙi ba. A cikinta akwai ƙaramin kabari irin na Newgrange, Duma na nGiall, shi ma ya kai shekara 5000, an sa masa ƙofar ƙarfe amma kana leƙawa ka ga dutse mai zane, kuma da aka tona shi a shekarun 1950 an samu ragowar ɗaruruwan mutane. Ga kuma Lia Fáil, dutsen da ke tsaye a sama, bai kai tsayin mutum ba, tatsuniyarsu tace yana yin ruri in sarkin gaskiya ya taɓa shi, an matsar da shi inda yake yanzu ne don tunawa da waɗanda aka kashe a boren da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1798. A nan Daniel O'Connell, wani jagoran siyasar Ayalan, ya tara gagarumin taro a 1843. Har wasu 'yan wata ƙungiya daga Birtaniya sun zo tsakanin 1899 da 1902 suka yi ta haƙa wani ɓangaren wai suna neman akwatin alkawari na Bani Isra'ila, suka lalata wurin ba su samu komai ba, shi ya sa gefen nan ya yi kaca-kaca har yau. Duk wannan a jimla biyu uku aka wuce mana shi, sauran sai a allunan wurin da ɗan littafin da na saya na karanta. Shiga Tara kyauta ne, don haka in kuna da hali ku ware masa lokacinsa daban.

Maganar shiri kuma, ku sa takalmi mai rufi wanda ba ya santsi, ciyawar jiƙe take ko ba a ruwa, rigar ruwa ta fi lema amfani saboda iska. Ku taho da abincinku in kuna kaffa-kaffa da nama, akwai shayi da burodi da miya a cibiyar amma ku tambayi abin da ke ciki. Sallah ba a tsara mata lokaci a jadawalin bas, ni da alwalata na fito na sa 'yar darduma a jaka, na samu gefe a lokacin hutun abinci na yi, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Da hunturu rana na saurin faɗuwa kuma akan rufe Knowth, ku duba kafin ku biya. Masu ƙananan yara da tsofaffi masu ciwon gwiwa, Knowth da wajen Newgrange ba matsala, lungun ne sai an yi tunani.

Wanda ba ya son gaggawar kamfani zai iya yin abinsa da kansa, ya sayi tikitin cibiyar ta intanet tun da wuri don gurbin shiga ɗakin yana saurin ƙarewa musamman da bazara, ya hau jirgin ƙasa zuwa Drogheda ya ɗau tasi zuwa Donore. Kuma kayan da aka tono da yawa ba a can suke ba, suna gidan tarihi na ƙasa a titin Kildare cikin Dublin, shiga kyauta, ku nemi wani kan sanda na dutsen ƙanƙara da aka samu a lungun gabas na Knowth a 1982, ɗan ƙarami ne zai zauna a tafin hannu, an sassaƙa shi kamar fuskar mutum, ramin da ake zura ƙotar ya zama bakinsa a buɗe.